Sadaukan Da Ba A San Sunansu Ba

Ranar 9 ga watan Zulhajji na kowace shekara mahajjata sukan taru a filin Arfa, kimanin kilomita 20 kudu maso gabas da birnin Makka, su wuni suna addu'a har faɗuwar rana. A shekarar 2023 yawansu ya haura miliyan 1.8, kuma kujeru 95,000 aka ware wa Nijeriya. Wanda ya kalli taron ta talabijin zai ga maza cikin farin harami, ba a bambance attajiri da matalauci, ya kuma ji murya ɗaya tana fitowa daga mumbarin Masallacin Namira. Mai wannan murya shi ne kowa ya sani. Amma akwai dubban mutane da ba a jin sunansu, waɗanda in babu su taron ba zai yiwu ba: direbobi, da masu raba ruwa, da ma'aikatan asibiti, da 'yan sikawut masu mayar da tsofaffin da suka ɓata zuwa tantinsu, da tafintoci. A 2022 an fassara huɗubar Arfa zuwa harsuna 14, har da Hausa. Alhaji daga Katsina ko Maraɗi ya ji ma'anar huɗuba da harshensa, ya koma gida bai san sunan wanda ya fassara masa ba.

Mai karatu zai yi mamakin abin da ya haɗa wannan wuri mai alfarma da littattafan yara. Ibada daban, nishaɗi daban, ba kuwa a auna su a ma'auni ɗaya. Abin da ya haɗa su mutum guda ne. Sheikh Abdul'aziz Al-Sheikh, wanda ya zama Babban Muftin Saudiyya a 1999 ya kuma rasu a watan Satumba na 2025, shi ne ya riƙa yin huɗubar Arfa fiye da shekara 30, har zuwa 2015. A 2014 kwamitin fatawa da yake shugabanta ya haramta wani shirin katun mai suna The 99, wato Casa'in da Tara, wanda aka ɗauko daga littattafan zane na wani ɗan ƙasar Kuwaiti. Labarin waɗannan littattafai ya tayar da wata tsohuwar muhawara da ke tsakanin masoya labarun sadaukai: a cikin runduna, wa ya fi muhimmanci, fitaccen jarumi ko wanda ke bayansa?

Littattafan da ake magana a kansu ƙanana ne, ana ba da labari a cikinsu da zane da gajerun kalmomi, kuma galibi wata-wata suke fitowa. A Amurka suka fi bunƙasa, a hannun kamfanoni biyu, DC da Marvel. Jaruman cikinsu suna da baiwar da ta wuce ta ɗan Adam: wani yana tashi sama, wani yana ɗaga dutse, wani yana jin abin da ke zuciyar mutane. Da farko kowane jarumi da labarinsa. Daga baya aka ga cewa in aka tara su wuri ɗaya ciniki zai ƙaru. DC ta fito da rundunar Justice League a 1960, Marvel kuma ta fito da Avengers da X-Men a 1963. Tun daga lokacin, kowace runduna takan ƙunshi fitattu biyu ko uku da ake sa hotonsu a bango, sa'an nan da wasu da yawa waɗanda sai mai bin labarin sau da ƙafa ne ya san su.

A nan ne ra'ayin masoya ya rabu biyu. Kashi na farko suna ganin cewa Superman da Batman da ire-irensu su ne littafin, sauran kuwa 'yan rakiya ne. Hujjarsu tana da ƙarfi. Fitaccen suna shi ke sayar da littafi, kuma yaron da ya tara kuɗin tararsa ba zai sayi labarin wanda bai taɓa jin sunansa ba. Kashi na biyu suna cewa daɗin labarin runduna yana wurin ƙanana. Dalilinsu shi ne, kamfani ba ya barin marubuci ya taɓa babban jarumi, domin hotonsa yana kan riguna da jakunkunan makaranta, kuma kowa ya san ko an kashe shi yau zai dawo gobe. Ƙaramin jarumi kuwa yana iya yin kuskure, ya ji tsoro, ya sauya hali, ya yi aure, ya mutu. Saboda haka a wurinsa ne mai karatu yake jin fargaba ta gaske.

In aka duba tarihin wannan sana'a, za a ga cewa ya fi goyon bayan kashi na biyu. A 1970 cinikin X-Men ya faɗi har aka daina rubuta sababbin labarai. A 1975 Len Wein da Dave Cockrum suka sake gina rundunar da baƙin fuskoki daga ƙasashe dabam-dabam: Storm, wadda mahaifiyarta 'yar Kenya ce ta kuma tashi a Alƙahira, da Nightcrawler daga Jamus, da Colossus daga Tarayyar Sobiyet, da wani gajeren mutum daga Kanada mai suna Wolverine, wanda a 1974 aka fara nuna shi a matsayin abokin faɗan Hulk kawai. Waɗannan baƙi su ne suka mayar da X-Men ɗaya daga cikin littattafan da aka fi saye a Amurka, Wolverine kuma ya zama fitacce a duniya. Haka nan rundunar Guardians of the Galaxy, wadda a cikinta akwai wata bishiya mai tafiya da wata 'yar dabba mai tsiwa, ba ta da suna a wajen ma'abota littattafan. Da aka yi fim ɗinta a 2014 ya tara fiye da dala miliyan 700. Hausawa na cewa ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Ra'ayin masoya kuma ba hira ce kawai ba, yana iya raya jarumi ko ya kashe shi. A 1988 kamfanin DC ya ba masu karatu lambobin tarho biyu, ya ce su zaɓi makomar Jason Todd, yaron da ke rakiyar Batman da sunan Robin. Ƙuri'u 5,343 suka ce ya mutu, 5,271 suka ce ya rayu. Da ratar ƙuri'a 72 aka kashe shi. Babu wanda zai yi tunanin a jefa irin wannan ƙuri'a a kan Batman kansa. Wannan ya nuna abu biyu: ƙaramin jarumi shi ne wanda ake iya sadaukarwa, kuma shi ne wanda masu karatu suke musu a kansa da zafin rai.

Dakta Naif Al-Mutawa, masanin halayyar ɗan Adam daga Kuwaiti, ya ɗauki wannan darasi ya gina littafi sukutum a kansa. Kamfaninsa na Teshkeel ya fara fitar da The 99 a 2006. Labarin ya faro daga 1258, lokacin da rundunar Hulagu ta ci Bagadaza ta watsa littattafan birnin a kogin Dijla. A cikin ƙagaggen labarin, masu kula da ɗakin karatu sun tsoma duwatsu masu daraja 99 a cikin kogin, duwatsun suka tsotse ilmin da ke narkewa. Aka kai su Andalus, daga baya suka warwatsu a duniya. A wannan zamani wani masani mai suna Dakta Ramzi Razem yana yawon neman matasan da duwatsun suka faɗa hannunsu, wani mugu mai suna Rughal shi ma yana nemansu don biyan buƙatarsa. Manufar ita ce a sami jarumai 99 daga ƙasashe 99, kowane da baiwa ɗaya wadda aka samo sunanta daga kyawawan sunayen Allah. Ba dukkansu ne Musulmi ba, kuma ba a nuna salla ko wa'azi a cikin labarin.

Wanda ya fi fice a cikinsu ɗan Saudiyya ne, Nawaf Al-Bilali, mai laƙabin Jabbar, matashin da jikinsa ya zama na ƙato. Sai Noora daga Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, mai ganin haske da duhun da ke zukatan mutane. Amma marubucin ya kafa wata doka da ta hana ƙarfin Jabbar ya danne kowa: uku-uku suke fita aiki, kuma sai baiwar ukun ta dace da matsalar sa'an nan a yi nasara. Ta haka ne aka buɗe wa ƙanana ƙofa. Akwai Darr, Ba'amurke da ke kan keken guragu tun bayan wani haɗarin mota, wanda baiwarsa ta shafi raɗaɗi. Akwai Jami daga Hungari mai haɗa na'urori, da Fattah daga Indunusiya mai buɗe hanya daga wuri zuwa wuri, da Bari daga Afirka ta Kudu mai warkar da rauni, da Hadya mai gane hanya duk inda aka shiga, da Samda, wata ƙaramar yarinya daga Libiya wadda babu abin da ke ratsa garkuwarta. In mutane suka ɓata a hamada, damtsen Jabbar ba shi da amfani, Hadya ake nema. Yaron da ya san ba zai taɓa zama ƙato ba yana iya ganin kansa a cikin mai gyaran inji ko mai nuna hanya. Wannan ita ce babbar kyautar da littafin ya ba masu karatunsa, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Sai dai gaskiya ba ta ƙare a nan ba, domin masu son fitattu suna da abin faɗa. Idan dambu ya yi yawa ba ya jin mai. Jarumai 99 sun yi wa kowane labari yawa, ba a ma kai ga fito da su duka ba. Wasu da aka fito da su suna da suna da ƙasa da tufafi, amma ba a ba su isasshen fili da mai karatu zai san halinsu ba. Sa mutum a cikin jeri don a ce ƙasarsa ta sami wakili cika lissafi ne kawai. Ƙaramin jarumi yana samun daraja ne ranar da labari ya tsaya cik, aka rasa mai warware shi sai shi. Inda marubutan The 99 suka yi haka, sun yi nasara. Inda suka tsaya ga jera sunaye, sun ba masu suka hujja.

Abin mamaki shi ne, wadda ta fi jawo wa littafin rigima a Amurka tana cikin waɗanda aka fi ƙarancin gani. Sunanta Batina, daga Yaman, tana rufe jikinta da fuskarta, baiwarta kuwa ita ce ɓoyuwa daga idon mutane. Shekarar 2010 ta fara wa Al-Mutawa da alheri. A watan Afrilu Shugaba Barack Obama ya yabi littafin a wani taron 'yan kasuwa a Washington, a watan Oktoba kuma DC ta fara fitar da labari mai kashi 6 wanda ya haɗa The 99 da Justice League. Wata tashar yara mai suna The Hub ta shirya nuna katun ɗin. Sai wasu marubutan jaridu, musamman a New York Post, suka ɗauki hoton Batina suka ce ana son cusa wa yaran Amurka shari'ar Musulunci. Tashar ta ɗage shirin, ba ta kuma nuna shi ba. Masu sukar ba su kula da cewa da yawa daga matan rundunar ko ɗankwali ba sa ɗaurawa ba. Ba su kuma tambayi abin da Batina take yi a cikin labarin ba. Mayafinta kaɗai suka gani, suka yanke wa sauran hukunci da shi.

Sukar da ta fito daga Saudiyya iri dabam ce, kuma ta cancanci a saurare ta da natsuwa. Malaman da suka yi fatawar 2014 sun ce sunayen Allah da siffofinsa nasa ne shi kaɗai, bai halatta a raba su ga mutanen da aka zana ba. Amsar masu goyon bayan littafin ita ce, sunayen jaruman ba su ɗauke da “al-” ta Larabci: Jabbar ne, ba Al-Jabbar ba, kuma kowane jarumi yana da ɗan rabo ne daga wata siffa kamar tausayi ko hikima, yana kuma da rauni da buƙatar waninsa. Ɗalibin Hausa zai gane wannan hujja da sauri, domin ƙasar Hausa cike take da Kabiru da Basiru da Hamidu da Karimu, ba wanda ya ɗauki haka saɓo. Amma Bahaushen nan da ya raɗa wa ɗansa Kabiru da wuya ya raɗa wa 'yarsa Mumita, wato mai kashewa, alhali kuwa akwai jaruma mai wannan suna a cikin littafin. Wato al'ada da kanta ta san akwai sunayen da ake arawa, akwai waɗanda ba a taɓawa. Da marubucin ya tsaya ga kashi na farko, da ya rage wa kansa wahala, labarin kuma bai rasa komai ba, tun da ƙarfinsa yana ga haɗin kan jaruman ne. Duk da haka, saɓani a kan suna bai kai a nemi ran mutum ba. A 2014 magoya bayan ƙungiyar ISIS sun yi kira ta intanet da a kashe Al-Mutawa, a Kuwaiti kuma aka kai shi kotu bisa zargin ɓatanci, kotu ta wanke shi. Gaba kura, baya sayaki: a Yamma an ce littafin ya cika Musulunci, a Gabas an ce ya saɓa wa Musulunci. Daga nan harkar ta ja baya, har aka daina fitar da sababbin labarai.

Musu a kan wane ne gwani a cikin jarumai ba baƙon abu ba ne ga Hausawa. A cikin littafin tatsuniyoyin da R. S. Rattray ya buga a 1913 daga rubutun Malam Shaihu, akwai labarin wani sarki mai 'ya'ya uku da ya ce su nuna bajintarsu a gindin wata kuka. Na fari ya sukwano doki, ya soki kukar da mashi, ya bi ta cikin ramin ya wuce. Na biyu ya ɗaga dokinsa ya tsallake ta. Autan ya tumɓuke ta da saiwa, ya je ya jinjina wa ubansa da ita. Mai ba da labarin bai faɗi wanda ya fi ba, ya bar wa masu sauraro tambayar. Abin da yara suke yi a dandali bayan an ce ƙurunƙus shi ne abin da masoya littattafan zane suke yi: kowa ya zaɓi nasa ya kāre shi. Haka kuma a hawan salla, baƙo Sarki yake kallo, ɗan gari kuwa ya san zagin da ke gaban doki, da mai riƙe laima, da mai busa kakaki, ya san kuma hawa ba ya cika sai da su.

Yau matasan Nijeriya suna zana nasu sadaukan. Jide Martin ya kafa kamfanin Comic Republic a Legas a 2013, Roye Okupe kuma ya ƙirƙiro Malika, sarauniya mayaƙiya wadda ya samo tunaninta daga tarihin Sarauniya Amina ta Zazzau. Ranar da wani mai zane a Kano ko Damagaram zai zauna ya haɗa tasa rundunar, labarin The 99 yana da darasi uku gare shi. Na farko, kada jarumai su yi yawan da za a kasa sanin halin kowane. Na biyu, ya san abin da jama'arsa suke girmamawa, ya nemi sunaye daga inda ba za a yi rigima ba. Kirarin mafarauta da na 'yan dambe da sarautun gargajiya sun ishe shi. Na uku, wanda ya fi muhimmanci, ya ba ƙaramin jarumi aikin da babu mai iya yin sa sai shi: ungozoma, ko maƙeri, ko makaho mai gane mutum da sawun tafiyarsa. Yaran da za su sayi littafin, mafi yawansu ba su ne na ɗaya a aji ba, ba su ne kuma masu cin ƙwallo a fili ba. Suna neman labarin da zai gaya musu cewa akwai ranar da za a neme su.

Idan rana ta faɗi a Arfa, jama'a sukan ɗunguma zuwa Muzdalifa, kafofin watsa labarai su ambaci sunan limamin da ya yi huɗuba. Tsohuwar da ta ɓata tsakanin tantuna kuwa, in ta koma gida, labarin da za ta fi ba jikokinta shi ne na wani yaro da ya riƙe hannunta ya mayar da ita cikin 'yan'uwanta, ba ta ko tambayi sunansa ba. Masoyan da suka tsaya wa ƙananan jarumai sun fahimci wannan tun da daɗewa, kuma a muhawarar nan su ne suka fi kusa da gaskiya.